Ma'aunin ruwan sama ko gasar hasashe: wanne ya dace da sabon ɗalibi?

A jami'o'in Amurka, malamin ajin farko na kimiyyar yanayi kan ba da aikin ƙarin maki ga wanda ya ga dama. Ayyuka biyu irin waɗannan sun ja hankalina.

Na farko, auna ruwan sama. Ɗalibi ya kafa ma'auni mai bakin inci 4 a fili, nesa da bishiya da rufin gida. Kowace safiya wajen ƙarfe 7 ya duba, ya tura adadin ga CoCoRaHS, tsarin 'yan sa-kai masu auna ruwan sama da aka fara a jihar Kolorado a 1998, bayan ambaliyar birnin Fort Collins ta 1997. Ko ɗigo bai sauka ba, sai ya rubuta sifili, don shi ma bayani ne. A nan zai gani da idonsa yadda hadari ke jiƙa unguwa guda ya tsallake maƙwabciyarta. Wahalarsa sammako, kuma mazaunin ɗakin kwanan ɗalibai da wuya ya sami filin kafawa.

Na biyu, gasar WxChallenge ta Jami'ar Oklahoma: a hasaso ƙololuwar zafin gobe da ƙarancinsa, ƙarfin iska da yawan ruwa, a birnin da ake sauyawa duk mako biyu. Akwai zumuɗi, amma sabon shiga yakan kwafi hasashen da kwamfuta ta fitar bai san dalili ba.

Ni dai ma'aunin zan zaɓa wa ɗan ajin farko. Gasar ta jira sai ya iya karanta taswirar matsin iska.