Tabarau na fim da jar fatar gida

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kowa yana lafiya, Inna da Kawu da yara da duk mutanen shiya. Ka ce hoton da na turo ya tayar wa Inna da hankali, wai ta gan ni da wani abu a fuska kamar na masu walda, har tana tambaya, "Mi yas sami idanun yaron ga?" Ka kwantar mata da hankali, idona ƙalau yake. Abin wasa ne. Kuma tun da ka daɗe kana cewa in ba ka labarin yadda saye da sayarwa suke a Ingila, bari in ba ka shi ta kan wannan tabarau, don a kansa na ga abin da zaman shekara uku a Bamingam bai nuna mini ba.

Maƙwabcina ne ya ja ni ciki. Dattijo ne Bature, ya yi ritaya daga tuƙin bas, matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. A bayan gidansa akwai 'yar bukkar katako cike da kayan aiki, a nan yake wuni yana ƙera kwaikwayon kayan da 'yan fim suka sa ko suka riƙe a finafinai. Ba sayarwa yake yi ba. Ya ƙera, ya ɗora a kanta, ya zauna da kofin shayi yana kallon abinsa. Ranar da ya fara nuna mini, a raina na ce wannan ai aikin wanda ya ƙoshi ne. To amma a watan Disamba rana kan faɗi a nan kafin ƙarfe huɗu, la'asar da magariba suna bin sawun juna, ka dawo daga aiki babu majalisar ƙofar gida, babu mai shayi, babu mai leƙowa ya ce kana ciki? Dole mutum ya nema wa hannunsa abin yi, in ba haka ba tunanin gida ya cinye shi.

Tabarau ɗin na wani fim ne na Amurka mai suna Ghostbusters, wanda ya fito a 1984, na masu farautar fatalwa. Masu shirya kayan fim ɗin sun ɗauki gangar jikin tabarau na sojan Amurka na gani da dare, samfurin AN/PVS-5, suka ɗora masa wasu idanu, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Shi ne mutane har yau suke kwaikwaya. Kada ka tambaye ni amfaninsa. Ba ya gani da dare, balle ya ga fatalwa.

Na saye shi a wargaje, wato ƙunshin da mutum zai haɗa da kansa, daga wani mutum da ke yin su a garejin gidansa a arewacin ƙasar. Ban ga fuskarsa ba, bai ga tawa ba. Na biya ta waya ranar Lahadi da dare, ranar Laraba ma'aikacin gidan waya ya ƙwanƙwasa ƙofa. Abin da ke sa wannan ya yiwu shi ne lambar shiya: kowane ɗan layi yana da tasa, in ka haɗa ta da lambar gida an gama. Babu kwatancen "ka wuce masallaci, ka karya dama wajen mai ƙosai, ka tambayi gidan masu dawaki". Na tuna ranar da na aiko maka da waya daga Kano, sai da ka je tasha sau biyu kana kiran direba yana cewa ga shi a Talata Mafara, alhali ko Gusau bai kai ba. A wannan fannin, Yaya, sun yi mana nisa, babu gardama.

Da na buɗe kwalin sai na tarar ɗaya daga cikin idanun ya tsage. Na shirya faɗa, na tanadi maganganu. Na ɗauki hoto na tura masa, cikin awa ɗaya ya amsa da ban haƙuri, bayan kwana uku sabo ya iso, bai ma ce in mayar da tsagaggen ba. Dattijon ya ce kada in ɗauka kirki ne zalla, doka ce a bayansa. Dokar kare mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da kayan da ya zo da aibi a ba ka kuɗinka. Abin da ka saya ta intanet kuma kana da kwana 14 ka fasa ko da babu aibi, sai dai in an yi shi ne musamman a kan awonka. Ka kwatanta da rasit ɗinmu na Sabuwar Kasuwa, mai ɗauke da gargaɗin cewa kayan da ya fita ba ya dawowa.

Sai dai in zan yi adalci, mu ma muna da tamu dokar, ba a takarda take ba. Mai shagon da ya san Baba ba zai ba ka ruɓaɓɓe ba, don gobe za ku haɗu a sahu. Zai ba ka bashi zuwa ƙarshen wata ba tare da ka sa hannu a komai ba, ya kuma ɗora maka gyara. A nan farashi a rubuce yake, da harajin kashi 20 cikin ɗari a cikinsa. Babu taya, babu albarka, babu "sallama mini". Na taɓa gwada neman ragi a shagon fenti, yarinyar ta dube ni kamar na ce ta ba ni aron takalminta.

Aikin kansa ya fi ƙarfin yadda na zata. Yawancin sassan da injin nan mai zuba roba sala-sala aka yi su. Zaren roba yake narkarwa yana shimfiɗawa layi bisa layi har siffar ta tashi, don haka jikin yakan fito da zane-zane kamar gefen tabarma. Sai ka bi shi da samfefa, ka fara da mai kaushi lamba 120, ka koma 220, ka ƙare da 400 da ɗan ruwa. Sannan ka fesa fentin shimfiɗa mai ruwan toka, wanda aikinsa tona asiri ne: duk ramin da ido bai gani ba sai ya fito fili. Ka cike da foti irin na masu gyaran jikin mota, ka sake gogewa, ka sake fesawa. Sau huɗu na zagaya wannan hanyar kafin dattijon ya shafa da ɗan yatsa ya gyaɗa kai. Ƙananan sassa da sufa-gulu ake kama su, wuraren da za su ɗauki nauyi kuma da gam mai haɗi biyu, wanda in ka gauraya shi kana da 'yan mintoci kafin ya daskare. Har 'yar fitila muka sa a ciki da batir da makunni, na koyi like waya da dalma, na kuma ƙona yatsa sau biyu. Yaron nan mai gyaran rediyo na bakin Tsohuwar Kasuwa da zai ga likin da na yi, da ya yi dariya har ya faɗi.

Fenti ya ba ni wahala saboda yanayi. Sanyi da danshin nan ba sa barin feshi ya kama da kyau, sai ka jira ranar da gari ya ɗan sake, ka tsoma gwangwanin a ruwan ɗumi, ka fesa, ka ruga da kayan cikin ɗaki. Na ce da a Sakkwato ne, kafin in ajiye gwangwani ya bushe. Daga baya na tuna ƙurar hunturu za ta bi ta manne masa, kuma irin wannan robar takan fara laushi tun wajen digiri 60, don haka in ka manta da tabarau ɗin a cikin mota a rufe a watan Afrilu, za ka dawo ka tarar ya lanƙwashe kamar ɗanyen kilishi. Af, ko gwangwanin fentin ma doka ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 16 ba, saboda yaran da ke ɓata bangon mutane da rubutu.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne matakin ƙarshe. Bayan na sha wahala ya fito kore shar irin na soja, sumul ba tabo, sai dattijon ya miƙo mini buroshi da fentin azurfa ya ce yanzu sai a tsufar da shi. A goga a gefuna kamar fenti ya kankare ƙarfe ya bayyana, a shafa baƙi a lunguna kamar dattin shekaru. Na ce masa a garinmu mutum kuɗi yake biya a fesa wa tsohon babur fenti ya koma kamar sabo. Ya ce ai na fim ɗin ma ba sabo fil ba ne, kuma masu wannan harka sukan yi jayayya mai zafi a kan launin kore da wurin da kowace 'yar takarda take manne. Na ga irinsu da idona a babban zauren baje koli na NEC da ke gefen gari, manya da furfura, kowa saye da kayan fim, suna duba aikin juna kamar dillalan raguna a Kara ana gobe Sallah.

Yanzu ga inda labarin ya juya. Ƙunshin ya zo da matashin fuska, wato abin da ke kwanciya a goshi da kumatu, na soso da fatar roba. Mako biyu ya fara ɓarewa, ga shi yana sa zufa. Na ce abu mai sauƙi, a ɗinka mini na fata. Na je shagon da ake gyaran takalmi da yankan makulli, suka ce ba aikinsu ba ne. Na je wajen tela, ta ce kekenta ba ya cin fata. Aka tura ni Walsal, wani gari kusa da mu da ya yi suna a sirdi da linzami, har ƙungiyar ƙwallonsu ma da sunan masu ɗinkin sirdi ake mata laƙabi. A can na samu mai yi. Ya karɓe ni da mutunci, ya auna, ya ce in dawo bayan mako shida, kuɗin da ya faɗa kuwa ya zarce na ƙunshin gaba ɗaya. Ban ga laifinsa ba. Mafi ƙarancin ladan awa ɗaya ga babba a nan ya kai fam 12.21 a Afrilun 2025, mai sana'ar hannu kuma ya ninka haka, ga hayar shago, ga wuta, ga haraji. Shi ya sa in abu ya lalace a nan yawanci zubarwa ake yi. Kaya sun yi yawa, hannun da zai gyara su ne ya yi tsada.

A cikin jirgin ƙasa ina dawowa babu abin da nake gani sai Kawu a Madunka, zaune a kan buzu, basilla a hannu, rediyo a gefe. Wannan aikin kafin a kira azahar ya gama shi, kuma in na ce nawa ne ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, ɗiyan ƙanwata za ni amsa ma kuɗɗi?" Haka in ƙarfe ne, ka kai Maƙera Assada ka kwatanta da hannu, ko zane ba sai ka yi ba, su fitar maka da shi. Muna zaune cikin wannan arziki muna ganinsa kamar iska.

Da na gaya wa baduku na Walsal daga inda na fito, sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya san fatar jar akuyarmu. Ya ce masu yi wa littattafai bango a ƙasar nan suna nemanta da tsada saboda ƙarfinta da kyawun ƙwayarta. Na ce masa ai ita ce tun zamanin ayari ake ratsa Sahara da ita, ta isa Turai ta hannun mutanen Maroko, sunan ya bi su. Na ba shi labarin yadda majemanmu suke jima da bagaruwa, su rina ja da karan dafi. Ya fi rabin awa yana yi mini tambayoyi, wasu ma na kasa amsawa, na ji kunya, ni jikan dukawa.

Saboda haka ga roƙona. Na zana siffar matashin a takarda daidai girmansa, zan turo hoton tare da awo, ka sa a buga maka a shagon kwamfuta ba tare da an rage ko an ƙara ba, ka auna da rula ka tabbatar kafin ka kai wa Kawu. Guda biyu nake so, ɗaya nawa ɗaya na dattijon. Baƙar fata mai laushi, ɗinki ta ciki, a bar baki ɗaya a buɗe don in cusa soso. Ka ce masa kada ya yi ado, na san halinsa, zai so ya sa kore da ja a gefe. In ya matsa, ya yi adon a kan wata 'yar jaka daban, in kai wa mutumin Walsal tare da jar fata guda cikakkiya, don na yi masa alkawari. Kuɗin kuma ka karɓa daga wanda na turo na wata, ka ba Kawu ko ya ƙi, ka ce na goro ne.

Abokin aikina da ya je ganin gida zai dawo bayan Sallah, zan ba ka lambarsa ku haɗu. Fatar da aka jeme babu matsala, amma don Allah ka hana Inna cusa kilishi a cikin kayan, an hana shigowa da nama daga wajenmu, kwastan za su ƙwace, su kuma tsare bawan Allah a filin jirgi. Yaji da kuka da daddawa dai ina so. Ka gaishe da kowa da kowa. Wassalam, ƙaninka.