Kiwon Matasan Besbol a Gasar Fantasi: Wanne Za Ka Saya, Wanne Za Ka Bari?

Wanda ya saba da fantasin Firimiyar Ingila ya san tsarin: fam miliyan 100, 'yan wasa 15, wanda ya yi sanyi ka sallame shi kafin Asabar. Fantasin besbol na Amurka yana da wani reshe da ba haka yake tafiya ba. Akwai gasar da ake riƙe 'yan wasa shekara da shekaru, bari mu kira ta gasar gado, inda za ka ɗauki yaro ɗan shekara 18 wanda ko ƙofar babbar gasa ta MLB bai leƙa ba, ka ajiye shi shekara uku ko huɗu kana jira. Kiwo ne sosai, kuma ba kowane ɗan rago ne ke kaiwa Layya ba.

Kafin ka taya kowa, fara duba dokar gasarku. In ta shekara ɗaya ce, wadda ake watsewa a sake zaɓe duk bazara, yaron da ba zai hau bana ba ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, gurbi kawai zai cinye maka. Sannan yaya ake lissafi? Tsohon tsarin da Daniel Okrent da abokansa suka ƙirƙiro a New York a 1980 yana auna fanni-fanni, kuma yadda aka fi buga shi yau fanni biyar ne ga mai bugu, biyar ga majefi. Satar tasha, wato ɗan wasa ya ruga zuwa tasha ta gaba yayin da majefi ke jifa, ɗaya ce cur daga cikin biyar ɗin. A tsarin maki kuwa, sau da yawa ana zaftare maka maki duk lokacin da majefi ya kori ɗan wasanka da jifa uku da ya kasa bugawa. Dubi Elly De La Cruz na Cincinnati a 2024: homron (bugun da ke sa mai bugu ya zagaye tashoshi duka a tashi ɗaya) 25, satar tasha 67, amma an kore shi sau 218. A tsari na farko zinari ne. A na biyu, yana ba ka da dama yana karɓewa da hagu.

Yawancinmu daga jerin gwanaye 100 muke farawa: na Baseball America da ke fitowa tun 1990, na MLB Pipeline, na FanGraphs. Suna da amfani, amma ba don kai aka rubuta su ba. Masu farautar 'yan wasa suna auna abu biyar a ma'aunin 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaici: iya taɓa ƙwallo, ƙarfin bugu, gudu, tsaron fili, da ƙarfin hannu wajen jifa. Biyun ƙarshe suna ciyo wa ƙungiya wasa, amma a fantasi ko maki ɗaya ba su kawowa. Saboda haka za ka ga yaro a lamba 15 don ya iya tsaro, wani kuma a lamba 60 don ƙafarsa ta yi nauyi a fili alhali kulkinsa wuta ne. Na biyun kake nema. Amfanin iya tsaro a wurinka ɗaya ne: yana sa koci ya ci gaba da saka yaro ko da kulkinsa ya yi barci na wata guda.

Mai cafke, wato wanda ke tsugune a bayan mai bugu, ba na ɗokin sayensa. Ana yawan hutar da shi, jikinsa na shan duka, kuma koyon aikin yana jan lokaci. Adley Rutschman shi aka fara ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyin MLB suka yi a 2019, daga jami'a ma ya fito, amma sai Mayun 2022 ya hau.

Inda kuɗina ke tafiya shi ne wajen mai bugu wanda ya yi ƙanƙanta da rukunin da yake ciki, kuma duk da haka ba a cika korarsa ba. Matakan ƙananan gasanni da ke ƙasa da MLB huɗu ne masu cikakkiyar kaka: ƙaramin A, babban A, AA, sai AAA. Ɗan shekara 24 da ke ragargazar ƙaramin A ba abin mamaki ya yi ba, ƙato ne a cikin 'yan firamare. Ɗan shekara 20 da ya tsaya da ƙafarsa a AA kuwa, ko da alƙalumansa ba su da ƙyalli, shi ne abin kallo, domin a AA ne ake fara gamuwa da majefa masu lanƙwasa ƙwallo su ajiye ta inda suka ga dama. Juan Soto ya fara kakar 2018 a ƙaramin A, kafin ƙarshen Mayu yana Washington yana ɗan shekara 19, ya gama da homron 22. Abin da ya nuna shi tun da wuri shi ne idonsa: ba ya kai wa ƙwallon banza duka. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

To yaya ake gane idon? Lamba biyu. Sau nawa ake korarsa cikin zuwa 100, sau nawa kuma yake samun tashar kyauta don ya ƙi bin jifan da ya kauce. A MLB matsakaicin kora yana wajen 22 cikin 100 a 'yan shekarun nan. Yaron da tun a AA ake korarsa 30 cikin 100, me kake tsammani in ya haɗu da manya? Za a ce mini ai ga Aaron Judge, wanda aka kora sau 42 cikin zuwa bugu 84 a 2016, shekara ta zagayo ya buga homron 52. Gaskiya ne. Amma Judge ɗaya ne, masu irin matsalarsa da suka ɓace ba wanda ke tuna sunansu balle ya kawo su misali.

Ka kuma tambayi inda aka buga alƙaluman. Filayen AAA na Albuquerque, Reno da Salt Lake suna kan tudu, iska ba ta da kauri, ƙwallo na tashi kamar an hura ta. Homron 30 a can ba daidai yake da 30 a wani wuri ba. Gara ka leƙa shafin alƙaluma na Baseball Savant ka ga da wane ƙarfi ƙwallo ke barin kulkinsa, tunda yanzu ana auna wannan a AAA. Ƙarfin bugu ba ya canzawa don an sauya gari.

Sai majefa, inda zuciya ke karyewa. Wanda ya riƙe Paul Skenes zai yi mini dariya: an ɗauke shi na farko a 2023, ya hau a Mayun 2024, ya kori mutum 170 cikin inin 133 (inin ɗaya shi ne a fitar da mutum uku), ya zama gwarzon sabbin shiga. Amma shekara goma kafin shi Houston ta ɗauki Mark Appel na farko, kuma sai 2022 ya taka MLB, a wata ƙungiyar daban. Ba ma rashin iyawa ne babban abin tsoro ba, gwiwar hannu ce. Andrew Painter na Philadelphia an yi masa tiyatar jijiya ta Tommy John a 2023, Eury Pérez na Miami a 2024, kuma jinyar kan ci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In sun dawo ma, ƙungiya na ƙayyade musu yawan jifa. Wani kuma yana da jifa iri biyu kacal, a ƙarshe a mayar da shi mai shigowa inin ɗaya, darajarsa ta zube. Ga wani abu kuma: majefa nagari sukan ɓullo daga inda ba a zata ba. Spencer Strider a zagaye na huɗu aka ɗauke shi a 2020, a 2023 ya kori mutum 281. Tunda kasuwa na kawo irin wannan da araha, me zai sa in biya tsada shekara uku kafin lokaci? Majefi ina sayensa ne in ya kai AA ko AAA, hannunsa lafiya, kuma ba ya raba tashar kyauta kamar sadaka.

Yaran da ake sa wa hannu suna da shekara 16 ko 17 daga Jamhuriyar Dominika da Benezuwela, waɗanda kasuwarsu ke buɗewa 15 ga Janairu, su ne cinikin biri a sama. Jackson Chourio ya sa hannu a 2021, a 2024 ya yi homron 21 da sata 22 yana ɗan shekara 20. Kevin Maitan kuwa Atlanta ta ba shi dala miliyan 4.25 a 2016, ana ta kururuwa, bai taɓa hawa ba. Yawan kuɗin sa hannu ba shaida ba ne. In gurabenka da yawa, ɗauki ɗaya ka manta da shi. In kaɗan ne, jira ya ƙetaro Amurka ya buga rabin kaka tukuna. Kishiyarsu shi ne ɗan jami'a da ya riga ya nuna: Nick Kurtz an ɗauke shi na huɗu a 2024, ya hau a Afrilun 2025, ya buga homron 36. Irin wannan ƙwai ne a baka.

Ko yaro ya shirya, sai an buɗe masa ƙofa. Wa ke tsaye a gurbinsa a babbar ƙungiya, kuma kwantiragin shekara nawa gare shi? A da ƙungiyoyi kan riƙe yaro a ƙasa na 'yan makonni don su ƙara shekara guda ta mallakarsa. Kris Bryant ya gama 2015 da kwana 171, saura kwana ɗaya ya cika shekarar aiki ta kwana 172. Yarjejeniyar 2022 tsakanin MLB da 'yan wasa ta rage wannan, domin ƙungiyar da ta fara kaka da matashinta kuma ya ci kyautar sabbin shiga tana samun ƙarin dama a zaɓen sabbin 'yan wasa, kamar yadda Seattle ta samu da Julio Rodríguez. Alama mafi ƙarfi ita ce kuɗi: da Milwaukee ta ba Chourio dala miliyan 82 na shekara takwas tun bai buga wasa ko ɗaya a sama ba, kowa ya san ba benci za a ajiye shi ba.

Farashi kan kai ƙololuwa a makon da aka kira yaro sama, ya faɗi warwas bayan wata guda in abin bai yi kyau ba. Ni kaina na taɓa sakin wani yaro a irin wannan watan, cikin fushi, na karɓi tsohon majefi da bai kai ƙarshen kaka ba. Har yau abokin cinikin yana gaishe ni da fara'a ta musamman. Mike Trout ya buga .220 kacal, wato bugu mai kyau 22 cikin zuwa 100, a wasa 40 a 2011, a 2012 ya yi homron 30 da sata 49. Jackson Holliday ya samu bugu mai kyau 2 cikin zuwa 34 a Afrilun 2024 aka mayar da shi ƙasa, yana ɗan shekara 20. Wannan ne lokacin tayawa. Ba kullum take ɓullewa ba, Jarred Kelenic ya buga .181 a 2021 kuma waɗanda suka saye shi da araha sun daɗe suna jiran riba. Abin da nake dubawa shi ne ko yaron ya taɓa fama da yawan kora tun a ƙasa, ko kuwa sabon abu ne na ruɗewar baƙunta.

Da gurbi biyar gare ni, uku na masu bugu ne da suka kai AA, ɗaya a cikinsu mai gudu, tunda sata ta ƙaru bayan an faɗaɗa tashoshi an kuma taƙaita jifan tsare ɓarawo a 2023. Ɗaya na majefin da ke bakin ƙofa. Na biyar na yaron Dominika, don nishaɗi. Kuma ka karanta dokar gurbin matasa a gasarku: da yawa suna bin iyakar MLB ta zuwa bugu 130 ko jifan inin 50, yaro na haye ta dole ka nema masa wuri a babbar tawagarka ko ka sake shi.