Rumfar gyaran tsofaffin injinan zuƙe ƙura a Maradi: sun san cikin mariƙi, amma a sa musu ido wajen waya

A cikin layin masu gyaran fanka da dutsen guga da ke kusa da babbar kasuwar Maradi akwai wata rumfa da ke karɓar tsofaffin injinan share kafet, irin masu tsayuwa da dogon mariƙi da jaka a baya. Yawancinsu kayan gwanjo ne da suka shigo ta Kwatano, kuma masallatai ne suka fi amfani da su. Abin da ya bambanta rumfar shi ne ba sa taɓa motar injin sai sun kwance mariƙi, domin injin da ya ƙi tashi galibi a nan ciwonsa yake.

Farkon aikinsu shi ne kifar da injin su karanta ƙaramin allon da ke ƙasa. Idan an rubuta 120V, ɗan Amurka ne, wutar NIGELEC, kamfanin lantarkin Nijar, kuwa 220V ce, sai da transfo mai rage ƙarfin wuta. Lissafin ba wuya: injin mai amfiya 6 yana jan wat 720, don haka transfo mai wat 1000 ne mafi ƙanƙantar da za a ɗora masa. Wanda aka taɓa cusa wa wutar gida kai tsaye, warin ƙonannen nadi ne zai faɗa maka, kuma sukan gaya wa mai shi gaskiya kafin ya kashe kuɗi.

Sun kuma san cewa ba kowane mariƙi ne ke ɗauke da wuta ba. A injin samfurin Kirby, makunnin na ƙafa ne, wayar tana shiga jikin motar kai tsaye, mariƙin ƙugiyoyin naɗe waya kawai yake riƙe da su. Yana da wani makunnin tsaro da ke hana shi tashi in ba a ɗaura bakinsa daidai ba, kuma wannan ya sha ruɗin masu gyara. A tsohon samfurin Hoover Convertible kuwa, wayar ta sama take shiga, ta bi ta makunni, ta gangara cikin bututun ƙarfen har gindinsa, inda wani ɗan filogi ke haɗa ta da gangar injin.

Wannan bututun shi ne wajen da suka fi gwanancewa. Sukan shimfiɗa tsumma su jera kayan yadda suka fito. Daga sama akwai roba mai kama da mazurari da ke hana wayar lanƙwashewa a bakin rami. Ƙarƙashinta akwai matsewa, wani ɗan ƙarfe ko roba mai tauri da ke damƙe rigar wayar don kada fizga ta kai ga mahaɗa. Sai makunni, da wata takarda mai kauri a naɗe da shi. Takardar nan yaran gyara kan ɗauke ta shara su jefar, alhali ita ce ke raba ƙafafun makunni da ƙarfen da hannu ke riƙewa. A nan ba sa jefarwa, in ta rube su maye ta da bututun roba mai tsukewa da zafi. Ƙugiyar sama mai juyawa tana da ɗan sifirin da ɗan faifan ƙarfe mai rami a bayanta, in suka ɓace ƙugiyar za ta yi ta reto, wayar ta zube ƙasa.

Launin waya ma sun riƙe shi, kuma nan ne kuskure ke kashe mutum. A na Amurka baƙa ce mai wuta, fara ta dawowa, kore ta ƙasa, wato wayar tsaro. A tsofaffin na Ingila ja ce mai wuta, baƙa kuwa ta dawowa, wato baƙar waya tana da ma'ana biyu da ke gaba da juna. Sabuwar wayar kasuwa mai ruwan ƙasa ce ke ɗauke da wuta, shuɗiya ta dawowa. Makunni a kan mai wuta ake sa shi. Bayan haɗawa suna gwadawa da mitar auna wuta: tsakanin ƙafafun filogi biyu a ga karatu in an kunna, tsakanin kowace ƙafa da ƙarfen mariƙi kada allura ta motsa ko kaɗan. Sukan kuma murza wayar a bakin robar sama ana cikin gwajin, don a nan take karyewa ta ciki, rigarta lafiya lau. Zafin watan Afrilu na Maradi ba ya barin tsohuwar roba, in ka lanƙwasa ta ka ga tsaga, wayar duka za a canja.

Aibinsu biyu ne. In matsewa ta karye ba su da wata, sai su ƙulla wayar ƙulli ɗaya a ciki su naɗe da baƙin salatif. Ƙullin yana goga da bakin ƙarfe, salatif kuma zafi na sakin ɗankonsa. Na biyu, in ba ka yi magana ba, siririyar wayar rediyo za su sa maka. Ka saya da kanka, mai riga zagayayya, kaurin kowace jijiya milimita murabba'i 1, tsawon mita 7 zuwa 9, kuma in mariƙin ƙarfe ne tsirara ka nemi mai jijiya uku a ɗaure ta ƙasa a jikinsa. Kuɗin hannu ciniki ne, a gama shi kafin a kwance ƙusa ta farko, kuma ka ce, "Malam, a ajiye mini tsofaffin kayan," domin ɗan filogin gindin mariƙi ba a samunsa sabo a kasuwa, sai daga jikin wani mataccen injin.