Yadin cikin murfin sifika: wanne ya kamata ka saya?

Duk mai sifika a Gusau ya san abin da ƙurar hunturu ke yi wa yadin da ke cikin murfi. Shekara biyu ta isa ya dafe ya fara yagewa, ɓera ya ƙarasa sauran. Da na tashi canza na sifikokin masallacin unguwarmu, yadi iri-iri na gwada.

Shadda da atamfa kada ma a fara, saƙarsu ta yi matsi, suna danne siririn sautin tuita, wato ƙaramar sifikar da ke cikin akwatin, sai muryar liman ta fito kamar daga cikin tulu. Gidan sauro sauti na wucewa sarai, ƙura ma haka. Baƙin ƙyallen da masu kushin ke bugawa ƙarƙashin kujera yana da arha, amma ba ya miƙewa, ana jan sa yake ɓarkewa.

Ni nawa shi ne baƙin yadin foliyesta mai ƙananan huji, irin na rigar 'yan ƙwallo. Yana miƙewa, don haka yakan kwanta sumul ba tare da tattarewa ba. Ba ya riƙe laima da damina, in ya yi datti kuma buroshi ya wadatar. Kafin ka biya, kara shi a baki ka hura. In iskar ta taɓa tafin hannunka ba da wahala ba, sauti ma zai wuce. Wajen ɗorawa a fara kama tsakiyar kowane gefe, kusurwa ta zo daga baya, kuma kada gam ya taɓa takardar sifikar.

Inda nake son a buɗe ido shi ne wajen saye. Wani mai shago ya ce min, "Alhaji, wannan daga Alaba ya zo," wato kasuwar kayan lantarki ta Legas. Ashe audugar shafi ce aka rina. Damina ɗaya ta saki, ta koɗe ta koma ja-ja, kuɗin jama'a kuwa aka ba ni amana. Abin ya tsaya min a rai har yau. Yanzu sai na jiƙa farin ƙyalle na goga, in ya ɗauko baƙi na ajiye. Nakan kuma zare zare ɗaya na kunna masa ashana: auduga na zama toka da warin takarda, foliyesta narkewa yake ya dunƙule. A lura da awo ma, domin wasu na ja wa yadin wuya a kan tef, ka isa gida ya koma. Yadi ɗaya inci 36 ne, a shimfiɗe a kan tebur, ba a ja ba.