groupby ko set wajen cire maimaicin da ke bin juna a Python

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi tsakanin groupby da set wajen cire maimaicin da ke bin juna a jeri. Ɗauki groupby na itertools (tarin kayan aikin da ke zuwa tare da Python), kar ka wahalar da kanka.

Bara na haɗa wata 'yar na'ura a shagonmu da ke rubuta halin wutar lantarki kowane minti: akwai, akwai, akwai, babu, babu, akwai, haka dai har layi 1440 a rana. Maigidana yana so ya san sau nawa ake ɗauke wuta, kafin ya ƙara batirin sola. Layi ɗaya ya raba gardama:

[k for k, _ in groupby(jeri)]

Sai jerin ya koma akwai, babu, akwai. Na ƙirga "babu", shi ke nan. Wallahi ranar na ji daɗi. Yadda yake aiki, yana gwada kowane abu da wanda ya gabace shi: in iri ɗaya ne su zauna rukuni guda, in sun saɓa ya buɗe sabo. Don haka tsari ba ya rushewa, kuma abin da ya sake dawowa can gaba ba ya ɓacewa, tamkar uniq, umarnin Linux mai cire layukan da suka maimaitu a jere. Ba ya kwashe bayanan duka zuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya yake bi. Tsawon kowane rukuni ma shi ya nuna min minti nawa wutar ta yi ba ta dawo ba, sai dai ka ƙirga rukunin nan take, domin da zarar ka matsa gaba ya tafi. Kuma za ka ga darussa da yawa suna cewa a fara sort tukuna, wato a jera bayanan bisa tsari. A naka aikin kada ka yi, zai tattara maka duk masu kama wuri ɗaya.

Shi kuwa set, to, yana da ranarsa in ire-iren abubuwan kawai kake nema. Ni abu biyu tak ya miƙo min, akwai da babu, ba tsari.

Sai hattara da masu tallar "kwas" da ke sayar da 'yan layukan nan kamar wani sirri, ko su ce ka sauke wani kunshi da pip, manhajar girka kunshin Python. groupby yana cikin Python tun siga ta 2.4 a 2004, kyauta, ba a girka komai. A PyPI, rumbun da pip ke sauko da kunshi daga gare shi, an sha kama kunshin bogi masu suna kusa da na gaskiya suna satar kalmar sirri, don haka duba sunan harafi-harafi kafin ka danna.