Ɗan kwangilar da ya yi muna kanibo da pabe a layinmu, ga yadda na ga aikinshi

Tunda anka gama aikin layinmu a nan Maradi, wato kanibo (magudanar ruwa) da pabe (ƙananan tubalan siminti da ake shimfiɗawa a kan hanya), mutane ke ta tare ni a masallaci da bakin kasuwa, wai wa ya yi muku, nawa kunka kashe, mu ma mu ɗauke shi ko a'a? To bari in faɗa sau guda kowa ya ji. Sunanshi ba zan sa ba, tunda akwai wuraren da zan taɓa shi.

Layinmu dai irin layukan nan ne da Maradi Kolliya, aikin ƙawata gari na 2015, ba ta leƙo ba, manyan hanyoyi sunka samu kwalta da fitilu, mu kuwa rairai da kwatami ƙofar kowane gida. Kuma duk wanda ya san garin ga ya san ruwa ba baƙo ba ne, tun ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari a bakin Gulbi aka hau da mutane tudu, to ruwan sama har yau can gangare yake nema, in bai samu hanya ba sai ya yi tashi ta cikin zauren mutum. Damanar 2024 ce ta gama ba mu tsoro, katangu sunka faɗi, shi ne mai unguwa ya tara mu bayan la'asar anka ce a yi karo-karo.

Wurin kuɗɗi anka hi daɗewa wallahi. Wasu sun ce kowane gida ya ba da daidai da na kowa, wasu sunka ce ina, mai kanti da kamiyo ke shigo mashi da kaya ba za a haɗa shi da gwauruwa mai ɗaki biyu ba. Ƙarshe munka tsaya kan faɗin ƙofar gida, metir nawa gidanka ya ci a bakin layi haka za ka biya, masu shago su ƙara wani abu, ’yan uwanmu da ke Kano da Yamai su ma sunka aiko nasu. Kuɗɗin ba a hannun mutum guda ba, mutum 3 ne ke sa hannu, kuma kowace Juma'a a karanta abin da ya shiga da abin da ya hita. Munka kai takarda meri, wato ofishin magajin gari, don izini, tunda hanya ta hukuma ce ba a tona ta haka kawai, sunka turo ma'aikacinsu ya duba inda kanibonmu zai haɗe da babba.

To shi mutumen. Abin da ya sa na yarda da shi tun ranar farko, mu pabe muke so a fara shimfiɗawa don a ga aiki, kowa ya ƙagu ya ga layi ya yi kyau, sai ya ce ma mai unguwa, ranka ya daɗe in kun yi haka kuɗɗinku za ku binne, abin da ke ƙarƙashin ƙasa shi ake farawa da shi. Ya ce duk gidan da bai ja famfo ba kuma yana da niyya, ya je kamfanin ruwa yanzu a yi mashi debi, wato lissafin kuɗɗin aikin, a tona a sa tiyo a kafa kwantar mai auna ruwa, domin daga babban tiyo zuwa kwantar aikin kamfani ne ba nashi ba, ba zai taɓa ba. Gida 4 sunka ja a lokacin. Da ya so cin kuɗɗi da sai ya yi shiru, bayan wata biyu a dawo a kira shi gyara.

Sannan ya hana a sa tiyon ruwan sha kusa da kwatami ko ƙarƙashin kanibo. Ni da ban gane ba sai da ya yi mani bayani, ya ce Alhaji ai in an ɗauke ruwa tiyo ya zama wayam, in akwai ɗan tsagu sai ya zuƙo ƙazantar da ke kewaye da shi, ruwa na dawowa ku sha abinku. Tun daga nan na bar yi mashi gardama.

Gangaren kanibon ma da awo ya yi shi, da ɗan siririn tiyon nan mai ruwa a ciki da igiya, wajen santimetir guda a kowane metir, ba da ido ba irin na wasu magina da za su ce maka ai ya yi. Ramin kuma da yake ƙasarmu rairai ce mai zubewa, guntu-guntu yake tonawa ya zuba kankare kahin ya ci gaba. Ya kuma ja muna kunne cewa kanibo na ruwan sama ne da na wanka da wanki, ba na salga ba, wanda tashi ta cika ya kira motar kwasa. Akwai wanda bai ji daɗin maganar ba, mun san shi, ya san kanshi.

Yanzu inda ya ɓata mani rai. Alkawalin wata 2 ya yi, sai da munka shiga na 4. Yana karɓar abansi, wato kuɗɗin soma aiki, ya kwashe rabin yaranshi ya kai wani aiki, kwana 9 rami buɗe a ƙofar gidana, ɗan kabu-kabu ya faɗa ciki da dare Allah ya kiyaye bai karye ba, kuma ka kira waya ba ya ɗauka, in ya ɗauka sai gobe in sha Allahu. Da ba don mun raba biyan kashi 3 ba, kuma munka riƙe na ƙarshe sai bayan ruwan farko ya gwada aikin, ban san yaushe zai dawo ba. Marufan kanibon na farko da ya zuba ma sirara ne, ƙarhe kaɗan a ciki, kamiyon siminti na hawa guda 2 sunka tsage. Ya sake su da kuɗɗinshi, wannan kam ban ƙwace mashi ba, amma sai da anka yi ta ja. Tarin ƙasar da ya tono kuwa mu munka biya masu amalanke sunka kwashe.

Paben kanshi ya zamna daram, kuma amfaninshi in tiyo ya fashe a ɗaga ’yan ƙwayoyi a gyara a maida, an ma yi haka sau guda ƙofar gidan liman ba ka gane wurin. Ruwan bana na farko na tsaya a zaure da tocila ina kallo, cikin rabin awa layin ya tsane.

In za ku ɗauke shi ku ɗauka, ya san aiki. Amma ku rubuta ranar gamawa da kaurin marufai a takarda gaban mai unguwa, kuma kada abansi ya wuce kuɗɗin kayan da kunka gani da idonku an sauke a layi.