Babbar Ƙungiya Ko Ƙaramar Gidauniyar Unguwa: Ina Za Ka Je Koyon Aiki?

Ɗalibai masu neman gurbin IT (koyon aiki a ma'aikata) da masu jiran NYSC (bautar ƙasa) sun dame ni da tambaya: babbar ƙungiya mai tara kuɗi don yara marasa galihu, ko gidauniyar marayu ta unguwa?

Shiga dai ba ɗaya ba. Irin su UNICEF mai ofis a Kano da Maiduguri, ko Save the Children da aka kafa tun 1919, sai ka cike fom a intanet, a yi intabiyu, gasa kuma ba a magana. Ta unguwa kuwa ka yi sallama kawai, gobe ka fara.

Kuɗi fa, babba takan ba da ɗan alawus, ƙaramar sau da yawa kuɗin adaidaita ma daga aljihunka.

Aikin ne ya fi bambanta. A babba za a ajiye ka gaban kwamfuta kana gyara rahoton masu ba da tallafi, kila ka gama ba ka ga yaro ko ɗaya ba, amma za ka iya rubuta takardar neman tallafi, wadda ita ake nema a kasuwa. A ƙarama kai ne mai bin 'yan kasuwa da azumi, kai ne mai ƙirga shaddar kayan sallah, kai ne mai rasit. Nan dai a kula, idan babu lissafi a rubuce, sunanka ne zai ɓaci.

Mai son aikin NGO, wato ƙungiya mai zaman kanta, nan gaba kuma yana da Turanci, babba ta fi masa. Wanda yake son sanin mutane ko buɗe tasa gidauniyar wata rana, ya fara daga unguwa.